Sauraren Cikin Ƙarfe: Ilimin da Ya Cancanci Ɗaki a Jami'ar Wudil

Wanda ya taɓa raka majinyaci ɗaukar hoton MRI a Kano ya san dokar ƙofar ɗakin. Ba a shiga da makulli, ba a shiga da waya ko agogo, mata kuma sai sun cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi. A kwantar da mutum, a tura shi cikin wani ƙaton bututu, injin ya yi ta ƙwanƙwasa har wajen rabin awa, daga baya likita ya fito da hoton ƙwaƙwalwa ko na laka ba tare da an tsaga fata ba. Jama'a da dama sun ɗauka irin injin hoton ƙashi ne da aka ƙara wa ƙarfi, alhali hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Wannan na'ura maganaɗisu ce da igiyar rediyo, kuma asibiti aronta ya yi daga ɗakin binciken masana fiziks, waɗanda suka fara amfani da dabarar shekaru kusan 30 kafin likitoci, don su ji abin da ke gudana a cikin ruwa da gishiri da ƙarfe.

Wancan aikin na asali, musamman ɓangarensa da ya shafi wasu ƙarafa masu wuyar sha'ani, shi nake so mu duba, domin ina ganin ya shafi Wudil. A nan gwamnatin Kano ta kafa jami'arta ta kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022. Jami'a ce mai sashen fiziks da na kemistiri da tsangayar injiniya, a jihar da ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977. Ɗaliban da za su iya wannan aiki suna nan. Abin tambaya shi ne ko za a ba su kayan da za su taɓa da hannunsu.

Yadda cibiyar zarra ke amsa kira

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, ilektiron kuma suna kewaye da ita. Da yawa daga cikin cibiyoyin nan, kamar ta haidirojin da ta jan ƙarfe da ta alminiyam, 'yan mitsitsin maganaɗisu ne a karan kansu. In aka sa su cikin babban maganaɗisu sai su shiga juyawa da wani sauri ƙayyadadde, wanda ya dogara da irin cibiyar da kuma ƙarfin maganaɗisun. Cibiyar haidirojin tana juyi sau miliyan 42.6 a daƙiƙa ɗaya a ƙarfin tesla 1. A injin asibiti mai tesla 1.5 lissafin ya kama kusan megahaz 64. Da za a ɗaga ƙarfin zuwa tesla 2.3 da 'yan kai, da juyin ya faɗo daidai zangon 99.5 da mutanen Kano ke kama Freedom Radio. Ita ta jan ƙarfe ta fi nawa, wajen megahaz 11.3 take yi a kowane tesla.

To in aka harba igiyar rediyo mai mita daidai da wannan juyi, cibiyoyin sukan karɓa su karkace, kuma da an katse igiyar sai su mayar da wani ɗan amo mai rauni wanda naɗaɗɗiyar waya ke kamawa. Wannan amsa-amon maganaɗisu shi ake taƙaitawa da NMR. Isidor Rabi ne ya fara ganin alamarsa a 1938 a birnin New York. A ƙarshen 1945 da farkon 1946 Edward Purcell a Harvard da Felix Bloch a Stanford suka kama shi a cikin kakin farafin da cikin ruwa, kowa da tawagarsa, suka raba kyautar Nobel ta 1952. A Kazan ta ƙasar Rasha kuwa, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Yevgeny Zavoisky ya gano makamancin haka ga ilektiron a 1944.

Amfanin abin ga mai binciken ƙarfe ya bayyana a 1949. Walter Knight ya lura cewa cibiyar jan ƙarfe da ke cikin ƙarfen kansa ba ta amsawa a mitar da take amsawa in tana cikin gishirinsa. Gocewar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari huɗu ba, amma ta isa. Dalilinta shi ne ilektiron masu yawo a cikin ƙarfe su ma suna karkata ga babban maganaɗisun, sai su ƙara wa cibiyar ɗan ƙarfi a daidai inda take zaune. Wato cibiyar tana ba da labarin ilektiron ɗin da ke gilmawa ta wurinta. Shekara guda bayan haka Jan Korringa, mutumin Holan, ya nuna cewa a ƙarfe na yau da kullum lokacin da cibiya ke ɗauka kafin ta koma daidai bayan an karkatar da ita yana bin ƙa'ida mai sauƙi: in sanyi ya ninka, lokacin ya ninka. A jan ƙarfe, cikin zafin ɗaki, kusan kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa ne. Duk ƙarfen da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, to akwai abin da ilektiron ɗinsa ke ƙullawa.

Akwai hanya ta uku, wadda ke tona fasalin ginin ƙarfen. Wasu cibiyoyin ba su cika zagaye ba, suna da ɗan tsawo ko ɗan faɗi, saboda haka suna jin yadda maƙwabtansu suka jeru a gefensu. In zarra ɗaya ta matsa kaɗan daga mazauninta, amon ya tsage gida biyu ko ya sauya mita. Masana a Göttingen ta Jamus, Hans Dehmelt da Hubert Krüger, sun nuna a 1950 cewa ana iya kama wannan amo ko babu babban maganaɗisu sam. Sunansa NQR, kuma mai karatu ya riƙe shi, za mu dawo kansa.

Fifikon waɗannan hanyoyi a kan sauran awo shi ne kusanci. In ka auna yadda lantarki ke ratsa ƙarfe, jimillar abin da ke cikinsa ka samu. Amon cibiya kuwa kowane mazauni da muryarsa. Wahalarsa ma ba a ɓoye take ba: igiyar rediyo ba ta shiga ƙarfe da nisa, a jan ƙarfe kaurin da take ratsawa bai kai na gashin kai ba, shi ya sa ake niƙe samfurin ya zama gari ko a yanka shi siriri.

Ƙarafan da suka ƙi bin littafi

Littafin fiziks na ajin farko a jami'a yana koyar da cewa ilektiron a cikin ƙarfe kowanne tafiyarsa yake, bai damu da ɗan'uwansa ba. Wannan zato ya yi aiki ƙwarai ga jan ƙarfe da azurfa da alminiyam, kuma a kansa aka gina ilimin tiransista. Amma tun 1937 wasu masana biyu na kamfanin Philips a Holan, de Boer da Verwey, suka nuna cewa haɗin nikel da oksijin, wanda lissafi ya ce dole ya wuce da lantarki, ba ya wucewa da shi. Nevill Mott na Ingila ya bayyana dalili: ilektiron suna tunkuɗe juna, kuma in wurin ya yi ƙunci tunkuɗar takan hana kowa motsi.

Mutumin Wudil ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ranar Talata kana iya ratsa kasuwa ka bi duk layin da ka ga dama. Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da motocin shanu suka cika Kara, masu babur da masu kura da 'yan ƙauye suka haɗu a bakin gada, takunka ba naka ba ne, sai na gabanka ya ɗaga ƙafa za ka sa taka, wani lokaci ma kowa ya tsaya cik alhali ba wanda ya rufe hanya. Haka ilektiron suke a cikin abin da ake kira ƙarafa masu sarƙaƙiya. Motsin ɗaya yana ɗaure da na sauran, kuma daga wannan cunkoso halaye masu ban mamaki ke fitowa. A wani haɗin siriyam da jan ƙarfe da silikon da Frank Steglich ya bincika a Jamus a 1979, ilektiron suna tafiya kamar nauyinsu ya ninku ɗaruruwa. A wasu kuma cunkoson kan rikiɗe ya zama tafiya ɗaya tak, lantarki ya gudana babu tirjiya ko kaɗan.

Wannan gudun lantarki marar tirjiya Heike Kamerlingh Onnes ya fara ganinsa a Leiden a 1911, a cikin zaiba da ya sanyaya da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. Sai 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka fito da bayaninsa, cewa ilektiron suna ɗaura tafiya bibbiyu. A wannan shekarar, a jami'a ɗaya da su a Illinois, Charles Slichter da ɗalibinsa Charles Hebel suka saurari cibiyar alminiyam, suka ga ta ƙara saurin komawa daidai jim kaɗan bayan ƙarfen ya shiga wannan hali. Sabon bayanin ya yi hasashen haka, tsofaffin ba su yi ba. Tun ranar amon cibiya ya zama ɗaya daga cikin manyan alƙalan wannan fage.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM kusa da Zurich, suka samu wannan hali a wani haɗin jan ƙarfe da oksijin mai kama da tangaran, a sanyin da bai kai na baya tsanani ba. Müller kansa ya shafe shekaru yana aikin amon ilektiron a kan irin waɗannan duwatsu, sanin da ya tara a can ne ya nuna masa inda zai tona. A farkon 1987 tawagar Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka ta haɗa wanda ake kira YBCO, mai shiga halin a digiri 180 ƙasa da sifiri. Muhimmancin wannan adadi shi ne ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifiri, ya isa ya sanyaya shi, kuma naitirojin daga iskar da muke shaƙa ake tatsarsa.

A YBCO ɗin ne amon cibiya ya nuna ƙwarewarsa. Jan ƙarfen da ke cikinsa mazauni biyu yake da shi, wani a jere kamar sarƙa, wani a shimfiɗe, kuma NQR yana raba su sarai: na sarƙa yana amsawa wajen megahaz 22, na shimfiɗa wajen 31.5. A 1989 Henri Alloul da abokan aikinsa a Orsay ta Faransa suka bi gocewar Knight a cibiyar itiriyam da ke cikin YBCO ɗin, suka ga tana raguwa tun samfurin bai kusa shiga halin rashin tirjiya ba, kamar wani kaso na ilektiron ya janye daga aiki da wuri. Wannan giɓi har yau ana gardama a kan asalinsa. A 2011 kuma tawagar Marc-Henri Julien a Grenoble ta sa YBCO cikin maganaɗisu mai ƙarfin gaske, ta ga amon jan ƙarfe ya tsage, shaidar cewa cajin lantarkin ya jeru layi-layi a cikin shimfiɗar. Daga baya masu awo da hasken X suka tabbatar da jeruwar.

Labarin da na fi so ɗalibanmu su sani shi ne na haɗin sitirontiyam da ruteniyam da oksijin. Yoshiteru Maeno ya gano a Hiroshima a 1994 cewa yana rasa tirjiya a kusan digiri ɗaya da rabi sama da ƙarshen sanyi, wato sanyin da babu wani ƙasa da shi. A 1998 Kenji Ishida da abokansa a Japan suka auna gocewar Knight a cibiyar oksijin, wani nau'i mai wuyar samu da sai an cusa shi cikin samfurin da gangan, suka ga gocewar ba ta ragu ba. Ma'anar haka ita ce ilektiron ɗin da suka ɗaura tafiya suna fuskantar gefe ɗaya, saɓanin yadda aka saba. Shekara 20 ana gina nazari a kan wannan sakamako, an rubuta maƙalu ba iyaka, har ana fatan ƙarfen zai yi amfani a sabuwar irin kwamfuta. A 2019 tawagar Stuart Brown a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, tare da Andrej Pustogow da masana daga Dresden, suka sake awon suna rage ƙarfin igiyar rediyon da suke harbawa. Sai ga gocewar ta faɗi. Ashe igiyar ce ke ɗumama ɗan samfurin na ƙiftawar ido, ta fitar da shi daga halin da ake son aunawa. Ishida ya koma ɗakin bincikensa a Kyoto, ya maimaita da kansa, ya wallafa a 2020 cewa sabon sakamakon ne daidai. Ina girmama wannan mutum. Kuma darasin da ke ciki na masu hannu a na'ura ne: wanda bai taɓa naɗa wayar awo ba, bai taɓa fama da ɗumin samfuri ba, ba zai ma yi tunanin wannan kuskure ba, balle ya kama shi.

Daga Riruwai zuwa cikin maganaɗisu

Babban maganaɗisun injin MRI, da na yawancin na'urorin NMR, naɗin waya ne ta niyobiyam da taitaniyam, a jiƙe cikin ruwan hiliyam. Niyobiyam yana rasa tirjiya a digiri 264 ƙasa da sifiri, ba wani ƙarfe tsantsa da ya riga shi. Da zarar an ɗura wa naɗin lantarki aka rufe da'irar, wutar takan yi ta zagayawa shekara da shekaru.

Daga ina niyobiyam yake fitowa? Yau mafi yawansa daga Birazil ne. Amma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, dutsen da ake tace shi daga ciki, wanda ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos. Hausawa da yawa ne suka yi leburancin waɗannan ramuka. A cikin jihar Kano ma, duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa suna da kuza da kwalambait, kuma maƙeran wurin suna narka kuza su zuba ta sanda-sanda su sayar tun Turawa ba su zo ba. Mun haƙa, mun loda wa jirgin ƙasa, an tafi da shi. Abin da ake ƙerawa da irinsa kuwa da kuɗin waje muke sayensa, in ya tsaya kuma sau da yawa sai an jira injiniya da kayan gyara daga wata ƙasa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, kuma ba na jin laifin talauci ne kaɗai.

Abin da Wudil za ta iya

Kada a yaudari kowa, ɗakin binciken da ke aiki a digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Hiliyam yana da tsada, Amurka da Katar da Aljeriya suna cikin manyan masu fitar da shi, kuma yana tsiyayewa tun a hanya. Injin sanyaya na zamani mai mayar da hiliyam ɗinsa yana son wutar da ba ta ƙiftawa. Manyan maganaɗisu irin mai tesla 45 na Tallahassee a Amurka, ko na Grenoble, ƙasashe ne ke ɗaukar nauyinsu. Wannan ne ya sa masana fiziks ɗin ƙarfe da yawa a Afirka suka karkata ga lissafi da kwamfuta, kuma makarantar ASESMA, wadda ke zagaya ƙasashen nahiyar tun 2010 da tallafin cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964, ta horar da matasa da dama a wannan fanni. Aiki ne mai kyau. Sai dai ƙarafa masu sarƙaƙiya su ne daidai wurin da lissafin da aka saba ke yin tuntuɓe, nan ne awo ke da ta cewa.

Ba dole sai da hiliyam ake farawa ba. Maganaɗisun ƙasa kansa, duk da rauninsa, yana sa cibiyar haidirojin juyi wajen sau 1,500 a daƙiƙa a yankinmu, kuma da kwalbar ruwa da naɗin waya da ɗan amfilifaya ɗalibi zai iya kama amon. Wannan dabarar ce ke cikin na'urar da masu binciken ƙasa ke yawo da ita suna neman ma'adinai. Mataki na gaba NQR ne, wanda ba ya buƙatar maganaɗisu: garin jan ƙarfe da oksijin yana amsawa wajen megahaz 26 a zafin ɗaki, zangon da ke cikin gajeren zango na rediyo. Kayan aikin na'urar harba igiya ce, da na'urar kamawa, da kwamfuta, abubuwan da ɗaliban injiniyan lantarki ya kamata a ce suna haɗawa a aikinsu na shekarar ƙarshe. In aka ƙara tanderu mai kai digiri 950, ana iya gasa YBCO a Wudil, a sanyaya shi da ruwan naitirojin, a saurari jan ƙarfen sarƙa da na shimfiɗa kamar yadda aka yi a Turai da Japan a ƙarshen shekarun 1980. Ƙaramin injin tatsar naitirojin kuma ba zai zauna banza ba a garin shanu, domin da ruwansa ake adana maniyyin bijimai don barbarar zamani, aikin da cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yi.

Akwai ma ƙarfe mai sarƙaƙiya da zafi yake so. Haɗin banadiyam da oksijin biyu, wanda Morin ya bayyana halinsa a 1959, ba ya wucewa da lantarki sosai a zafin ɗaki, amma da ya kai digiri 68 sai ya koma ƙarfe farat ɗaya, ginin zarrarsa ma ya sauya. Awon amon cibiyar banadiyam da Jean-Paul Pouget da abokansa suka yi a 1974 yana cikin hujjojin da suka nuna cewa tunkuɗar ilektiron na da hannu a wannan sauyi. Yau ana gwada shafa shi a gilashin taga, don in rana ta ƙwalle ya mayar da zafin waje, ana kuma neman hanyar sauko da digirin sauyin ta hanyar gauraya shi da tangistin. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu a ƙasar Kano ya san wa wannan bincike zai fi amfana. Awonsa yana buƙatar maganaɗisun lantarki matsakaici da abin ɗumama samfuri, ba ruwansa da hiliyam.

Sannan manyan cibiyoyin duniya ƙofarsu a buɗe take. Ta Tallahassee ba ta karɓar kuɗin amfani da maganaɗisu daga mai binciken da zai wallafa sakamakonsa, takardar ƙudurinsa kawai ake tantancewa. Amma wanda ya je da samfurin da ya gasa da kansa, ya riga ya yi masa awon farko a gida, shi ake saurara. Arewa ma ta taɓa nuna tana iya riƙe babbar na'ura: tukunyar nukiliyar bincike ta cibiyar CERT a Zariya tana aiki tun 2004.

Abin da ya fi na'ura wuya shi ne mutanen da za su riƙe ta. Mun sha ganin kaya masu tsada an kawo, an yanke ƙyalle, an rufe ɗaki saboda babu mai gyara, babu kuɗin kayan aiki na wata-wata. Don haka kirana ga hukumar jami'ar Wudil, da gwamnatin jihar Kano, da asusun TETFund, da attajirin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, shi ne a fara da ɗaki ɗaya: a sa masa sola da batir nasa na kansa, a ɗauki ƙwararrun masu kula da na'ura aiki na dindindin da albashi mai riƙe mutum, a tura matasan malamai biyu ko uku su yi digirin digirgir a wurin masu wannan sana'a da sharaɗin za su dawo su tarar da kayan aiki, a kuma rubuta kuɗin gudanarwa na shekara goma cikin kasafi tun kafin a sayi waya ko ɗaya.